Fuskar Goggo Nenne a Bangon Rahoto

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a gidan nan, ku ƙanana kun taso kun same ta kun ɗauka yadda aka ba ku: wai Dada, wato ni uwarku, ita ce ta yi taurin kai ta watsar da aikin ƙungiya a kan wata mai tallar nono, shi ya sa Addarku, babbar yayarku, ba ta tafi karatun jinya Yola ba. Rabin maganar gaskiya ne. Taurin kai kam ina da shi, Babanku, Allah ya jiƙansa, ya sha fama da shi har ya koma ga Mahaliccinsa. Aikin ma na rasa shi, Addarku ma ba ta tafi ba. Amma yadda abin ya faru ba wanda ya taɓa zama ya tambaye ni, ni kuma ba mai bin mutum da bayani ba ce. Yanzu da idona ya fara gajiya da allon kwamfuta, gara in buga muku shi da hannuna tun ina ganin haruffa.

Kun san asalina mai buga tafireta ce a wata ma'aikatar gwamnati, zamanin da in kika yi kuskuren harafi ɗaya sai kin sake shafin gaba ɗaya. Da kwamfuta ta shigo, sauran matan ofis suka riƙa zagaye ta kamar an ajiye maciji a kan tebur, ni kuwa na zauna ina tsokanarta har ta saba da ni. Da na ajiye aiki sai na kama ɗan shago a bakin Kasuwar Jalingo, tsakanin mai gyaran rediyo da masu sayar da gishiri. Katin biki, kalandar suna, fastar 'yan siyasa, takardar shirin coci ta ranar Lahadi, duk ba wanda nake mayarwa. Nan 'yan kasuwa suka laƙaba min Madam Kwamfuta, har gobe akwai waɗanda ba su san sunana Hauwa ba.

Wata rana wani dogon mutum da jaka a hammata ya leƙo shagon. Mista Bulus ke nan, ɗan ƙabilar Mumuye, shi ke riƙe da ofishin wata ƙungiyar agaji a nan Jalingo. Aikinsu ɗaya ne: in haihuwa ta zo wa mace da gardama a ƙauye ko a ruga, su tura mota ta ɗauko ta zuwa asibiti. Tallafin daga ƙasashen waje yake zuwa, ta hannun babban ofishinsu na Abuja, masu bayarwa kuma suna so duk shekara a aika musu rahoto su ga inda taimakonsu ya tafi.

"Madam, an ce kai ne ka iya sa takarda ya yi kyau."

Haka Hausarsa take, ban taɓa gyara masa ba, shi ma bai taɓa gyara min Turancina ba, muka zauna lafiya. Abin da yakan kawo min tarin rubutu ne, shafi bayan shafi ba wurin numfashi, da hotuna a 'yar filas ɗin da ake cusa wa kwamfuta. Ni zan zauna in rarraba shi, in ba kowane labari shafinsa, in zaɓi launi biyu in tsaya a kansu, in mayar da lissafinsu da'ira mai yanka-yanka kamar an fasa kankana, in bar farin fili a gefe don ido ya huta. Farin filin nan ya daɗe yana ci masa rai, gani yake ɓarnar takarda nake yi.

"Madam, wannan wuri babu komai. Mu sa hoton ciyaman."

"Mista Bulus, ka bar min shi. Ciyaman yana shafi na biyu, ya ishe shi."

Da rahoton farko ya je Abuja suka bugo waya suna tambayar wane kamfani ne ya yi. Daga nan komai nasu ya dawo shagona: katin godiya da ake aika wa masu tallafi, 'yan takardun da ake rabawa a taro, da kalandar shekara. Aikin nan shi ya riƙe gidanmu. Babanku malamin dabbobi ne, albashinsa sai ya ga dama yake zuwa. Da aikin ƙungiya muka sake rufin gidanmu na unguwar Sarkin Dawaki, da shi kuka daina zuwa makaranta da silifa, kuma da shi muka yi niyyar tura Addarku Yola. Abu ɗaya nake so ku riƙe, don a kansa komai ya tsaya: hoton da aka sa a bangon rahoto shi ake sawa a kalanda. Rahoto ya tafi ƙasar Turawa, amma kalanda gida take dawowa. Ana liƙa ta a ɗakin shan magani, a zauren mai unguwa, a shagon mai shayi, har cikin bukkokin ruga.

Goggo Nenne kuwa mai nono ce daga wata ruga a gindin duwatsu, can bayan gari. A inuwar shagona take sauke ƙwaryarta, in za ta zaga kasuwa ta bar min ajiya, in ta dawo mu taɓa hira da Fulatanci ta auna min man shanu da hannu sake. Doguwa ce siririya, ba ta cika magana ba, amma in ta yi dariya har dasashinta sai an gani. A shekarar da nake ba ku labari, 'yarta ta fari, Dudu, naƙuda ta zo mata da tsanani, aka yi jiƙe-jiƙe aka gaji. Mazan rugar sun tafi da shanu. Goggo Nenne ta taka da ƙafa har bakin kwalta, ta tsaya a tsakiyar hanya ta ware hannuwa, wata motar doya ta ci birki saura kaɗan ta bi ta kanta. Direban ya fito zai zage ta, ta riƙe masa riga ta ƙi saki sai da ya buga wa motar ƙungiya waya. Dudu ta rayu, jaririn ma ya rayu. Da labarin ya kai Abuja suka ce shi ne labarin shekara, uwar da 'yar za a sa a bango.

Da ni aka je ɗaukar hoton, don ni ce mai Fulatanci, kuma ina son in ga hoton da zai zauna min daidai a shafi. Ƙarshen damina ne, ko'ina kore shar. Aka fito da Dudu ta zauna a kan tabarma da jaririnta, aka ce Goggo ta zo ta zauna kusa da ita. Da ƙyar ta zo, ta zauna a gefen tabarmar ta juya fuska wajen garke. Mai hoto, wani saurayi ɗan birni, ya yi ta fama.

"Mama, ki kalle ta mana! Ki dafa kafaɗarta! Ki yi murmushi, 'yarki ce fa ta tsira!"

Matan rugar suka rufe baki da gyale suna ƙyalƙyala dariya, tsofaffin mazan da ke can gefe suka sunkuyar da kai. Ba sai na faɗa muku dalili ba, a gidan Fulani kuka tashi. Uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta kallonta ido da ido a gaban mutane, balle ta rungume ta tana washe baki a gaban surukai. Matar da ta tsaya a gaban motar doya saboda yarinyar nan, ko tukuicin duniya za a ba ta ba za ta juyo ta kalle ta ba. Na ce wa mai hoto ya ɗauka haka, ya ɗauka yana tsaki. Bayan an gama ne wata karsana ta biyo Mista Bulus tana lasar masa bayan riga, ya zabura da gudu jaka na kaɗawa, ya faɗa cikin kashin shanu. Goggo Nenne ta kece da dariya har tana riƙe ciki, mai hoto kuwa ya yi wuf ya ɗauke ta a haka. Da za mu shiga mota ta jawo ni gefe.

"Hauwa, saboda ke na zauna. Ki fitar da ni yadda na zauna."

Na ce mata to, ba tare da na ga wani abu mai nauyi a ciki ba.

Hotuna suka tafi Abuja, sai ga waya daga Madam Esta, wadda ke kula da duk abin da za a aika wa masu tallafi. Mace ce mai hankali, mun yi shekaru muna aiki ba mu taɓa saɓawa ba, kada wani ya ɗauke ta muguwa. Ta ce hoton ba zai yiwu ba. Baturen da zai ɗauki rahoton bai san fulako ba, wato kunyar nan ta Fulani, abin da zai gani uwa ce ta juya wa 'yarta baya kamar ba ta so ta rayu ba. Ta ce amma ta ga ɗayan hoton, na dariya, kuma fuskar daidai take kallon ɓangaren da Dudu ke zaune. In yanko wannan kan in ɗora a wancan jikin, shi ke nan.

"Madam Hauwa, kin iya ai. Na ga yadda kika cire falwaya daga bayan asibiti a rahoton bara."

Gaskiya ta faɗa. Kada ku ɗauka ni wata waliyiya ce a sana'ar nan. Na cire falwaya, na rage wa ɗan takara tumbi, na goge wa amarya ƙuraje, na mayar da sararin sama shuɗi ranar da hadari ne. Saboda haka ban yi gardama ba, na ce zan gwada. Washegari da hantsi na tayar da janareta na zauna. Na yanko kan, na daidaita haske, na gyara inuwar wuya, na jawo gefen gyale ya rufe mahaɗar. Ya zauna ɗas. Goggo Nenne ce zaune kusa da 'yarta ta fari, ta juyo tana yi mata dariya har dasashi. Ko ni da na yi sai da gabana ya faɗi. Addarku tana shagon ranar, takardar samun gurbinta ta Yola ta fito ba da daɗewa ba, tana taya ni yankan kati kafin lokacin tafiya. Ta leƙo ta bayana.

"Kai, Dada, ya yi kyau! Ai haka ya kamata uwa ta kalli 'yarta."

Na ce ta ɗauki galan ta je ta sayo mai, janareta zai mutu. Tankin kuwa cike yake.

Da ta fita na koma kan hoton asali, na ƙara masa girma ina bin sa kusurwa-kusurwa, don in ga ko akwai abin da na bari. Na gangaro ƙasa, wajen da tabarma ta haɗu da zanen Dudu, wurin da da ma za a yanke in an zo sa shi a bango. Nan na ga hannun Goggo Nenne. Fuska tana can wajen garke, jiki ya karkace kamar mai shirin tashi, amma hannun hagu ya lallaɓo ta ƙasa ya damƙe haɓar zanen Dudu, damƙa ta gaske, har jijiyoyin bayan hannun sun tashi. Muna wurin dukanmu ba wanda ya gani. Na saki maus na zauna ina kallo, ƙwalla ta cika min ido, ni da ba na kuka ko a gidan mutuwa.

Sai na tsara wani bangon. Na sa hoton yadda yake, ban yanke ƙasan ba, na ɗauko hannun na ƙara masa girma a cikin ɗan da'ira a kusurwa, na bar wurin layi biyu da za a yi wa Bature bayanin al'adar. Na buga bangon biyu a firinta, na dariya da na hannu, na jira ranar da Goggo za ta shigo kasuwa. Da ta sauke ƙwarya na kira ta ciki na rufe ƙofa, na miƙa mata na dariyar. Ta duba, ta kai shi kusa da ido, ta kife shi a kan tebur ta ɗora tafin hannu a kai.

"Wannan ba ni ba ce. Wa ya gani?"

"Ba kowa, Goggo, sai yarinyar nan tawa."

"Shi ne za a rataye a bukkar baban mijin yarinyar? A zauren Arɗo? Hauwa, ranar da wannan ya shiga rugarmu, ni ranar zan fita. Da wace fuskar zan bi ta gaban surukaina?"

Na miƙa mata ɗayan. Ta daɗe tana kallon da'irar, kunya ta kama ta har ta ja gyale ta rufe baki.

"Ke wa ya aike ki duba can ƙasa?"

"In sa shi ko in cire?"

Ta tura min takardar da yatsa.

"Hannu ba fuska ba ne. Bar shi."

Mista Bulus ya zo da yamma na nuna masa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Shi ɗan ƙasar nan ne, da Fulani ya yi kiwon awaki yana yaro, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

"Madam, ni na gane. Amma Abuja ba zai gane ba. Bari na aika dai."

Ya aika, Madam Esta ta kira ni da kanta. Ta ce bangon ya taɓa ta, amma bangon da sai an karanta bayani kafin a gane shi ba bango ba ne, mai ba da tallafi kallo ɗaya yake yi ya ajiye. Na ce to a sa Dudu ita kaɗai da jariri. Ta ce labarin na uwar ne, an riga an tura wa Turawa sun amince. Sannan ta faɗi abin da har yau yake dawo min. Motarsu ta tsufa, rahoton nan ne za a nemi sabuwa da shi.

"Madam Hauwa, mata nawa kike so su mutu a hanya saboda kunyar tsohuwa ɗaya?"

Na ce ta ba ni zuwa gobe.

A gida na tarar da Babanku a tsakar gida bayan la'asar yana wanke allurar shanu a roba. Na zayyana masa komai. Kun san shi, sai ya gama abin da yake yi kafin ya ɗago.

"Kin san takardar yarinyar nan ta fito."

"Na sani."

"Kin san kuma ba albashina ne zai kai ta Yola ba."

"Malam, na ce na sani!"

"To, kada ki cinye ni, ba ni na zana hoton ba. In kin yi musu yadda suke so, ba wanda zai ce kin yi laifi. In kin ƙi, ni ba zan ce kin yi laifi ba. Sai dai ki sani, in abin ya ɓaci ba ke za ki biya ba."

Ya zubar da ruwan robar ya shiga alwala. Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan maganar, bai sake tayar da ita ba har ya rasu.

Da safe na goge hoton dariyar da na haɗa, na yayyaga wanda na buga, na kira Abuja. Na ce matar ta gani ta ce ba ta yarda ba, ni kuma na yi mata alkawari, ba zan yi ba. Da a nan na tsaya, wataƙila da bangon kawai za su kai wani wuri su bar min sauran aikin. Amma Madam Esta ta ce ai tsohuwar ba za ta ma lura ba, mutanen ruga ina suka san hoto. Nan kaina ya yi zafi.

"Madam, uwarki za ki yarda a yanke mata kai a liƙa mata wani, a rataye a cocinku?"

Ta ajiye waya. Wannan kam bakina ne, kun san shi, a kanku ma ya sha sauka. Mista Bulus ya yi abin da zai iya: ya rubuta musu cewa matar da ke cikin hoton ta janye yardarta, saboda haka ba wanda ya isa ya taɓa fuskarta ko a Abuja. Ni kuwa bai iya ceto na ba. Aka kai aikin gaba ɗaya wani kamfani a can, suka samo hoton wata uwa daga wata jiha tana rungume da 'yarta, haƙora a waje. Na ga rahoton, ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Sabuwar mota ta zo, ta ɗauko mata da yawa, wasu kun san su. Ba na rubuta wannan don in ce ni ce mai gaskiya su ne masu kuskure ba. Kalandar shekarar ta shiga rugar su Goggo da fuskar baƙuwa, ita kuma ta ci gaba da bi ta gaban surukanta da ƙwaryarta a ka. Ba ta taɓa sanin na rasa aikin ba, na ce wa Mista Bulus in ya faɗa mata ni da shi ne.

Shago ya koma katin biki da fastar 'yan takara, su kuwa 'yan takara sai zaɓe ya zo. Muka nemi taimako wurin dangi, kowa ya nuna nasa ramin. Lokacin rajista ya zo ya wuce. Addarku ta ninke takardarta ta sa a ƙasan akwati, ta ci gaba da zuwa shago tana yankan kati. Daga baya ta yi karatun malanta a nan gida, ga ta nan tana koyarwa a Abbare, yara suna sonta, ta yi aure ta hayayyafa. Amma farin kayan jinyar nan da take so tun tana ƙarama, tana ɗaure wa 'yar tsana hannu da tsumma, ba ta sa shi ba. Ranar sunan ɗan autarta ina bayan labule ina zuba kunu, na ji tana faɗa wa wata ƙawarta, da dariya ma ta faɗa, wai Dada ta fifita fuskar mai nono a kan karatunta. Na gama zuba kunun na kai wa baƙi. Abin ya yi min ciwo, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Shekaru bayan haka Goggo Nenne ta rasu. Ranar da zan je gaisuwa na tono bangon nan na hannu a cikin tsohuwar kwamfuta, na buga shi a takarda mai kauri na tafi da shi. Na sami Dudu a bukka, yaron da aka haifa a wancan lokaci har ya fara bin shanu. Bayan mun yi addu'a mutane sun ragu, na miƙa mata. Ta tuna ranar, ta yi ɗan murmushi ta ce ga Inna ta juya mata ƙeya kamar kullum. Na sa yatsa a kan da'irar. Ta duba hannun, ta duba zanen, ta koma kan babban hoton ta nemo wurin da kanta.

"Adda Hauwa, na ji ana jan zanena ranar nan. Na ɗauka ƙaya ce ta kama."

Ta kifa takardar a fuskarta ta yi kuka irin wanda matan suka ce ba ta yi ba ko ranar da aka fita da gawar. Na bar mata hoton. An ce min yana nan a cikin ƙwaryar da take ajiye kayan adonta.

To, ku ƙanana kun ji yadda aka yi, sai ku gyara labarin in kuna ba 'ya'yanku. Saura ke, babbarsu. Ni na zaɓa, ke kika biya, Babanki ya faɗa min tun kafin in yi, kuma na yi da idona buɗe. Ban ce ki ce na yi daidai ba. Abin da nake so ki sani shi ne ranar da kika tsaya a bayana kika ce haka ya kamata uwa ta kalli 'yarta, na ji ki sarai. Ba mai ne ya ƙare ba, fuskata ce ba na so ki gani. Irin wannan kallon ban iya shi ba, uwata ba ta yi min ba, tata ma ba ta yi mata ba. Kin girma kina ganin ina ɗaukar ƙannenki ina yi musu wasa, ke kuwa sai "ke" da "yarinyar nan". Da na ga hannun Goggo Nenne a allo, ba ita kaɗai na gani ba, shi ya sa na kasa liƙa mata fuskar da ba tata ba.

Bakina bai taɓa kiran sunanki ba, ba kuma zai fara da tsufa ba. Amma wannan da hannu nake bugawa, Goggo Nenne kuwa ta ce hannu ba fuska ba ne.

Aishatu.

Ga shi na buga, na ƙara masa girma ya cika allon, na zauna ina kallonsa har mai gyaran rediyo ya leƙo yana tambaya ko lafiya. In kun taru kuna karanta wannan babin ina zaune, wanda ya iso wurin nan ya tsallake, kada ya karanta min da ƙarfi.